Kofunan da Kika Cusa Min a Akwati

Winnipeg, Nuwamba

Nanay, uwata,

Na ɗora hannunki a goshina daga nan nesa, yadda muke gaida manya. Yaya gwiwar? Ina fata kina shan maganin, ba ki ɓoye shi a bayan tukunyar shinkafa kamar yadda kika saba ba. Yaya Kuya Berting, babban yayana, da kwalekwalensa?

Nanay, hankalina a tashe yake. Jikanki Benjo ya yi tari makon jiya, irin mai kama ƙirji. Shayin citta bai yi masa komai ba, sai na ɗauko ƙananan kofunan gilashin nan na ƙaho da kika cusa min a akwati ranar da zan taso. Na kafa masa a baya da wutar auduga, yadda kike yi mana muna yara. Har barci ya yi a cinyata, tarin kuma ya lafa. Na manta shaf ranar Laraba ake kai ajinsu iyo. Yana tuɓe riga malamarsu ta ga tabo shida baƙaƙe, zagaye-zagaye, a bayansa.

Ina cikin ba wa tsohuwar da nake kula da ita abinci aka kira ni. Wata mata ce daga hukumar kare yara, murya a sanyaye, wai za ta zo mu ɗan tattauna. Manang Cora, maƙwabciyata ta ƙasan bene, ta ce da irin wannan muryar aka zo aka tafi da yaran wata 'yar garinsu. Tun da ubansu ya kama gabansa, 'yata Ligaya da Benjo su ne kaf abin da na mallaka a ƙasar nan. Ki kunna mana kyandir a coci.

'Yarki,
Perlita

Winnipeg, Disamba

Nanay,

Ina gaishe ki da kewa. Yaya jikin? Na gode da addu'a, kada ki fasa.

Matar ta zo. Na goge gidan har da bayan firij, na dafa pansit, taliyar nan tamu, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta nemi ganin Benjo shi kaɗai a ɗaki. Ashe ɗan nan ya ji abin da Manang Cora ta faɗa, shi ne ya ce mata wai daga kan keke ya faɗo. Keke, Nanay! Ga dusar ƙanƙara har gwiwa, mu ko keken ma ba mu da shi. Shekararsa bakwai, ya yi ƙarya don ya cece ni, ƙaryar kuwa ta ƙara dulmiyar da ni. Da matar ta fito na ga fuskarta ta canza. Na nuna mata kofunan, na yi bayani da Turancina da yake guduwa idan na tsorata. Ta ce likita zai duba shi, kuma za ta dawo.

Tana fita Ligaya ta juyo kaina. "Nay, ke ma dai! Nan fa ba garinku Lingayen ba ne." Na so in ce mata da waɗannan kofunan aka raine ni, ga ni kuma da raina. Yanzu ko motsin mota na ji a ƙofa sai gabana ya faɗi. A wurin aiki na sa wa tsohuwar nan gishiri a shayi, ita ce ma ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri.

Ki gaishe da Kuya, amma kada ki gaya masa. Kin san bakinsa.

Perlita

Winnipeg, Janairu

Nanay abar ƙaunata,

Barka da sabuwar shekara. Yaya gwiwa, yaya gida? Ki zauna tukuna ki karanta.

Yarana suna hannuna, an rufe maganar. Ana gobe matar za ta dawo na sauka wurin Manang Cora na ce ta kafa min kofunan, kada ta tausaya. Tana yi tana mita: "Ke Perlita, tsirara za ki yi wa baƙuwa?" Haka kuwa na yi. Ni da nake jin nauyin canza riga a gaban 'yata, na juya wa matar baya a tsakar falo na ɗaga rigata. Na ce ta danna ta ji ko da ciwo. Ta danna. Benjo yana laɓe yana kallo, sai ya fashe da kuka, ya faɗi gaskiya da bakinsa. Likita ma ya ce ba duka ba ne. Da matar za ta tafi ta ci pansit, kaɗan dai.

Na ɗauka shi ke nan. Ranar Lahadi tarin ya dawo. Ina wanke-wanke Benjo ya zo rungume da gwangwanin kofunan, ya rage murya ya ce, "Nay, ki yi min ƙasa-ƙasa, inda wando zai rufe. Ba zan gaya wa kowa ba." Nanay, duk tsoron da na sha bai yi min ciwo kamar wannan ba. Ba na son ɗana ya tashi yana ɓoye jikinsa saboda ni. Na sa masa rigar sanyi, muka hau bas zuwa asibiti.

Kofunan suna cikin kwalin da zan aiko miki, na naɗe su a tawul, tsakanin sabulai da gwangwanayen nama. Ki adana su. Ranar da Allah ya kawo mu gida, ke za ki kafa masa da hannunki, ya fita tsakar gida ba riga, kowa ya gani.

Ki shafa min kan kowa da kowa.

'Yarki mai kewarki,
Perlita