Sharhin da Ba Ya Ɗauke da Suna

Litinin, 3 ga Maris

An dakatar da ni daga shiga aji har sai kwamitin ladabtarwa ya zauna. Tuhumar: satar rubutu.

Malamin da ke koyar da mu tarihin aikin jarida ne ya kira ni ofis, ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Sakin layi huɗu na maƙalata an shafe su da ja. Manhajar da ke bin diddigin aikin ɗalibai ta tsinto su a wani tsohon sharhin jarida. Na karanta, na ce, "Malam, ai ni na rubuta shi."

Ya ce, "Mama, to ina sunanki?"

Babu. Sharhin edita ba ya ɗaukar suna, muryar jarida ce. Ya sani, shi da bakinsa ya koya mana. Sa'an ɗana na fari ne. Yana ta juya biro, ya ƙi haɗa ido da ni.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in tsara abin kamar labari, ko zan gane shi.

Sama da shekara ashirin ina rubuta sharhi a jaridar da yanzu ta mutu. Da aka rufe ta, duk ƙofar da na ƙwanƙwasa sai a ce ina digiri. Shi ne na koma aji da furfurata, a kujerar gaba saboda ido. 'Yan ajinmu na ce mini Mama Jarida.

Ban kwafa ba. Ban buɗe komai ba. Jimlolin ne suka zo da kansu, har ina jin daɗi wai hannu bai mutu ba. Ashe tsofaffi ne suka dawo gida.

Maigida ya ce, "Wato kin saci kayanki, kuma an kama ki." Shi kaɗai ya yi dariyar. Da na ce hukuncin kora ne, sai ya tashi wai zai duba famfo.

Juma'a, 7 ga Maris

Na fita da jaka kamar kullum saboda idon maƙwabta. A tashar mota na zauna har rana ta take.

Asabar, 8 ga Maris

Shaida ɗaya gare ni a duniya: tsohon editanmu. Na je gidansa. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya karkace, ɗakin na warin man zafi. Amma ya gane ni. "'Yar gaggawa! Kin kawo aikin ko kin kawo uzuri?"

Na miƙa masa sharhin. Yana karantawa yatsunsa na motsi kamar suna neman jan biro. Ya ɗago.

"Wannan nawa ne."

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta."

"Ke kin kawo ɗanye. Ni na dafa."

Matarsa ta raka ni ƙofa tana ba ni haƙuri. "Kada ki damu, yaya, jiya ma cewa ya yi shi ya gina asibitin da aka kwantar da shi." Muka yi 'yar dariya. Muna tsaye sai muka jiyo shi daga ciki yana karanto sakin layi na ƙarshe da ka. Takardar tana hannuna. Bai tsallake ko kalma ba.

Talata, 11 ga Maris

Haka muke yi a lokacin: in rubuta, ya shiga wurin edita, ya fito jina-jina da jan biro, in sake bugawa. Ba wanda ke tambayar wace jimla ce ta wa. Har alfahari muke da hakan.

Sakin layi ukun farko nawa ne, ina jin. Na huɗun, wanda ya karanto da ka, ba zan iya dafa littafi in rantse a kansa ba. Kuma shi ya fi kyau.

Da ɗan rahoto ne ya kawo mini labarina, da ban buga ba. Majiya ɗaya, ita ma tana da abin da take karewa.

Lahadi, 16 ga Maris

Na gwada rubuta sabon abu. Duk jimlar da na ajiye sai in ji kamar na taɓa haɗuwa da ita.

Alhamis, 20 ga Maris

Kwamiti ya zauna. Mutum uku, dogon tebur, fanka mai kuka. Shugabar ta ce ko da nawa ne, sake miƙa tsohon aiki laifi ne, sai dai bai kai sata ba. Sannan ta tambaye ni ko na tabbata duka nawa ne. Kalma ɗaya take jira, na gani a fuskarta, so take ta sallame ni.

Na ce uku nawa ne, na huɗu ban sani ba.

Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Suka ce in zo Litinin in rubuta sabuwar maƙala a gaban mai sa ido, ba waya, ba littafi, kafin su yanke.

A gida, maigida ya riƙe kai. "Baiwar Allah, ana miƙo miki hannu, ke kina gyaran labari! Wa ya aike ki?"

Ban yi nadama ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Litinin, 24 ga Maris

Ƙaramin ɗaki, taga ɗaya, mai sa ido na gyangyaɗi. Na daɗe ina kallon farar takarda. Duk rayuwata da "wannan jarida na ganin cewa" nake farawa, kuma yau babu jaridar da zan laɓe a bayanta. Na rubuta "ni", na soke, na sake rubutawa.

Labarin ranar da aka rufe jaridarmu na bayar: yadda na tsaya ina gyara waƙafi a shafin da na san ba za a buga ba. Rubutun bai yi kyau ba. Yana ɗingishi, ba wanda ya dafa shi. Ban taɓa karanta shi a ko'ina ba.

Na sa sunana a sama. Na ƙara sa shi a ƙasa, ba a ce in yi ba.

Sakataren kwamiti ya tare ni a baranda, ya ce ya ji za a ba ni sifili a darasin, in maimaita shekara, amma ba kora. Shekara guda a waɗannan shekarun nawa. Na dai mayar da littattafan darasin cikin jaka, zan maimaita.

Shugabar ba ta sa hannu ba tukuna.