Gwiwar Auta

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta tafi sansanin horo. An ɗauke ta a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Babanta sai washe baki yake kamar an ba shi minista. Ni ban ga abin murna ba. Yarinya da jarrabawa a gabanta, a ce ta ajiye littafi ta bi ƙwallo. Na faɗa har na gaji. A gidan nan maganata ta zama rediyo, ana ji ana wucewa.

Da za ta fita na ga tana ɗan ɗingishi a matakala. Na ce mene ne? Ta ce, "Gwiwata ce, Mama, tun wasan makaranta take ɗan…" Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce ke kika zaɓi wannan abu, kada ki je ki zubar mana da mutunci da raki a gaban mutane. 'Yar gidan nan ba ta kukan ciwo. Ta ce to. Ta gyara tafiyarta ta sauka.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gama ɗinkin rigunan makaranta da wuri. Babu mai dukan bangon shagona da ƙwallo. Shiru dai.

Lahadi, 16 ga Maris

Ina yanke zare, babanta ya ja kujera ya zauna yana ba ni tarihin da ban tambaya ba. Wai ƙungiyar nan ba ta taɓa zuwa gasar duniya ba. Kullum sai sun kai zagayen ƙarshe a koro su. Wata shekara a bugun fenareti, wata shekara mai tsaron gida ta saki ƙwallo a cikin ruwan sama, har yau wai ba a daina zaginta ba. Ya ce, "Kuma sau ɗaya yarinya take samu, Maman yara. Baɗi Auta ta wuce shekarun." Na ce to alhamdu lillahi, ashe abin yana da ranar ƙarewa.

Auta ta kira da yamma. Wai suna ce mata Katanga, don ba a wuce ta a baya. Mace da sunan katanga! Na tambayi karatu, ta ce tana yi. Na ce lafiyarki? Ta ce, "Lafiya lau, Mama."

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau suka buga wasan da zai kai su ko ya koro su. Maƙwabta sun cika mana falo, har da masu zama a kan hannun kujera, abin da na hana 'ya'yana tun suna rarrafe. Ni ina shago. Ƙofar da ke tsakani a buɗe take, saboda zafi.

Bayan hutun rabin lokaci aka ɗago ƙwallo, Auta ta yi tsalle ta cire ta da ka. Da ta sauko ƙafar hagu ta karkace. Ban san lokacin da na zo bayan kujera ba. Ta miƙe, ta faɗi. Ta sake miƙewa. Aka kawo fuskarta kusa a talabijin, baki a rufe gam, ba hawaye ko ɗigo. Da gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da ita.

Sun ci, ɗaya da nema. Za su je gasar duniya. Unguwa ta ɗauki ihu, ana ta danna hon. Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu ta dafa ni ta ce, "Tarbiyyarki ce wannan, Yaya. Ko uhm yarinyar nan ba ta ce ba. Nawa da ƙaya ta soke su sai an ji a bakin titi." Na ce mata na gode.

Ban ci abinci ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Asibiti. Jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, sai an yi tiyata.

Likitar ƙungiyar ta same mu a ɗakin. Yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ba, amma tana magana tana kallon mutum cikin ido. Ta ce a sansani suna da tsari: kowace safiya kafin karin kumallo yaran sukan yi layi a ƙofarta, ta tambayi kowacce, ina ke ciwo? Wadda ta nuna wuri a duba ta, a hutar da ita, ba a korar kowa don wannan. Wasu har farce suke kawo mata ƙara. Auta kullum amsarta ɗaya, babu. Ta ce da ta faɗa tun farko, hutu ne da ɗauri, da yanzu da ƙafarta za ta hau jirgi.

Sai ta ce, "Mama, ko kin san abin da ya sa ta ɓoye?"

Na ce yaran yanzu sai addu'a, ba a sanin cikinsu.

Auta ta juya fuska bango. Babanta ya kalle ni, ya fita wai zai sayo ruwa. Ga ruwa a kan tebur.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ni dai juriya na koya mata. Haka aka koya mini. Ban ce ta yi wa likita ƙarya ba.

Talata, 6 ga Mayu

An yi tiyatar. Da allurar ta sake ta, nas ta ce akwai ciwo? Ta ce babu. Na ga yatsunta sun damƙe zanen gado har sun yi fari.

Lahadi, 25 ga Mayu

'Yan ƙungiyar sun zo sallama, da kocinsu. Sun cika ɗakin da hayaniya da warin man shafawa. Wata doguwa, mai tsaron gida, ta ce, "Katanga, kin bar ni a fili fa, yanzu kowa zai shigo mini gida ba sallama." Suka kwashe da dariya. Auta ma ta yi. Wata ƙarama ta ɗauki sandunanta tana kwaikwayon tafiyar tsofaffi. Na so in tsawata, ban yi ba. Sun gaishe ni har ƙasa, ba kamar yadda na zata ba.

Da suka tafi aka bar ni da Auta. Can ta ce, "Mama, shi ke nan, kin huta. Ki ba wani takalman. Zan yi karatun." Ba da fushi ta faɗa ba. Da ma da fushin ne.

Abin da na shekara uku ina roƙo ke nan.

Asabar, 14 ga Yuni

Wasansu na farko a gasar duniya. An zura musu uku. Wadda aka sa a gurbin Auta tana tsayawa kallon ƙwallo, ba ta kallon mutum, sau biyu ana zagaye ta ta baya. Na faɗi haka a fili. Babanta ya juyo yana kallona kamar keken ɗinki ne ya yi magana.

Auta ta kalli wasan har aka tashi. Ƙafar a miƙe kan matashi, leɓenta kawai ke motsi, tana kiran sunayensu a hankali.

Alhamis, 19 ga Yuni

An fitar da su. Ba su ci ko wasa ɗaya ba. A rediyo wasu ƙarti da ba su iya gudu daga nan zuwa bakin titi ba suna cewa yaran sun kunyata ƙasa. Na kashe. Mutane ba su da tsoron Allah.

Litinin, 23 ga Yuni

Mai gashin ƙashi ya yi faɗa yau. Ya ce gwiwar tana neman sandarewa, dole a riƙa lanƙwasa ta a gida safe da yamma. Ya nuna mini yadda zan riƙe diddige in tura a hankali. Ya ce akwai ciwon da ake wucewa, akwai wanda ake tsayawa, kuma mai ƙafar ce kaɗai ta san bambancin. In ba ta faɗa ba, ko in bar ƙafar ta sandare, ko in ɓata aikin da aka yi.

Da la'asar na shimfiɗa ta a falo. Na tura. Na ce akwai ciwo? Babu. Na ƙara. Gumi ya keto mata a goshi. Babu. Na saki ƙafar na ce, Auta, ni ba likita ba ce, ban san inda zan tsaya ba. In kin yi shiru zan karya ki da hannuna.

Ta kalle ni kallon da ban taɓa gani ba, kamar tana son ta tabbatar ba tarko ba ne.

Na sake turawa. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Nan, Mama." Na tsaya. Sai ta ce, "Tun a matakala yake yi," ta fashe. Irin kukan da rabona da jin sa tun tana goye. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya, na ce mata ciwo take ji, ina ruwanki. Ƙafar tana kan cinyata har aka kira magariba.

Ɗazu a asibiti, da Auta ta fita gaba, na tambayi mutumin ko gwiwar nan za ta sake ɗaukar gudu da tsalle. Ya ce in an dage, wataƙila. Na tambaya ne kawai don in san abin da zan hana.