Ma'aunin Dantsen Bilkisu

Sabon Birni

Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da mutanen Turba duka. Na ji 'yarki Bilkisu tana ramewa tun da kika yaye ta. Ga ma'aunin dantse na ba mai mashin ya kawo miki, irin na cibiyar tamowa inda nike gadi. Ki naɗa mata a dantsen hagu, ki duba launin da ya nuna. Kore, lafiya lau. In ruwan ɗorawa ne kada ki taso, sallamarki za su yi, kin bi hanyar 'yan bindiga a banza. Ki jira ja. Yaron da ya kai ja ba a mayar da shi, doka ce. Jami'inmu Muntaka ya ce manyan ƙasashen duniya sun sa hannu ga takarda cewa yunwa ba za ta kashe yaro ba, ko ɗan ƙauye ne. Shekara ukku ina ƙofar nan, motar abincin yara ba ta taɓa saɓa wata ba.

Ƙanenki,
Kalilu

Turba

Kalilu,

Wa alaikumus salam, muna amsawa. Kai da takardunka! Su masu sa hannun sun san inda Turba take? Na auna, ruwan ɗorawa ne. Maƙwabciyata Zahra'u ta ce in bi 'yan kasuwa in kai yarinyar asibiti Nijar tun tana iya zama da kanta, ko da sojojin iyaka za su wahalshe mu. Na ce ƙanena shi ka cikin aikin, ya ce a jira. Kullum sai Bilkisu ta miƙo hannu da kanta, ta ɗauka awarwaro ne. Ka ci abinci, an ce kai ma duk ka bushe.

Yayarka,
Lailatu

Sabon Birni

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki manta da abin da na rubuta. Wata biyu mota ba ta zo ba, na yi shiru don na ɗauka hanya ce ta ɓaci. Jiya sunka tara mu. Muntaka bai iya duban idon kowa ba. Ya ce ƙasashen da ke aiko abincin kowace tana tsoron yaƙi, makamai suke saye. Na ce, to takardar fa? Ya ce tana nan. An dakatar da cibiyar, ni ne na rufe ƙofa, mata goma sha ɗaya suna zaune bakinta, yaransu duk ja. Ki bi shawarar Zahra'u gobe-goben nan. Za ni jira ku a tasha in raka ku.

Kalilu

Turba

Kalilu,

Salamu alaikum. 'Yan bindiga sun tare hanyar garin Isa, wasiƙarka ta yi kwana tara kafin ta iso. Ja ya fito ran Alhamis. Allah ya gafarta mini, har murna na yi, na ce yanzu za su karɓe ta. Na wanke mata riga, muna jiran hanya ta buɗe. Ran Talata bayan azahar Bilkisu ta koma. Ban ce laifinka ba ne. Ga ma'auninka, ba ni son ganinsa cikin ɗaki.

Lailatu

Sabon Birni

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ce. Ma'aunin ya iso, ya lanƙwashe daidai inda kike naɗawa. Na zura yatsuna biyu, sun cika shi.

Za ni zo ran Juma'a, in kin yarda.

Kalilu