Idan Sawuna Ya Ɗauke, Kakata Ta Buga Rufi

Ummu Nidal, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗau zafi. Ni ɗaliba ce a Irbid, bana zan zauna jarrabawar Taujihi ta kammala sakandare, kuma injiniya nake son zama. Kin san yadda muke karatu: a hau saman bene da littafi, a yi ta kai da kawowa ana maimaitawa har ya zauna. Haka na haddace tarihi da Larabci. Fiziks ne ya ƙi.

Ƙa'idojin tafiya a miƙe da ƙaruwar gudu, ko daga barci aka tashe ni zan zubo su. Amma da an sauya tambaya sai in rikice. A gwajin da ya wuce an ce mota ta taka birki, ni kuwa na manta alamar ɗebewa, motata sai ƙara gudu take. Malaminmu ya ce Allah ya tsare shi da shiga motar da zan ƙera. Kowa ya yi dariya, ni na koma gida na yi kuka. Malamin ya ce sai na zauna da biro na yi ta warware tambayoyi.

Ga inda gizo ke saƙar. Kakata, Sitti Wadha, ɗakinta ne ƙarƙashin rufin da nake zagaye a kai, kuma da sawuna take auna karatuna. Da na zauna sai ta bubbuga rufi da sandar mofa, ta aiko a ce mini, wai likitoci biyu ta raina da ƙafa, ba da gindi ba. Sai in miƙe in ci gaba da zagaye, hankalina na kan lissafin da ban gama ba. Yanzu ko ba ta buga ba na kasa zama. Jarrabawa ta ƙarato, in na faɗi fiziks shi ke nan. Ina sonta, amma wallahi na gaji.

Mai Zagaye, Irbid

'Yata, malaminki ya yi gaskiya, ko da yake bakinsa da kaifi. Hadda ta yi miki rana, amma wannan darasi da hannu ake koyonsa. Kowace tambaya ki zana motar, ki ja kibiya inda ta nufa, ki rubuta abin da aka ba ki da abin da ake nema. Kafin ki taɓa ƙa'ida, tambayi kanki: gudun nan ƙaruwa yake ko raguwa? In kin sami amsa, ki duba ko hankali zai ɗauka.

Kakarki kuma kada ki ga baƙinta. Tsohuwar da ba ta iya hawa bene, kunnenta kaɗai ya rage mata ta taya ki da shi, kuma tsoro take ji kamar yadda kike ji. Ki yi zagayenki da safe don darussan hadda. Da la'asar ki sauko da takardunki ɗakinta, ki zauna a gabanta ki yi aikin, ta riƙe miki agogo tana auna lokaci. Gani ya kori ji. Na san irinsu, ita za ta koma korar duk wanda ya zo zai tashe ki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki nasara tana da rai ta yi miki guɗa.

Ummu Nidal