Shari'ar Direban Kamiyo

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024
Ni ne Babban Alƙalin Alƙalan New Bell da kewaye, har Japoma idan benskin, wato ɗan acaɓa, bai ƙi zuwa ba. Yau aka kawo min ƙara. Mai ƙara Halilu tela. Wanda ake ƙara Salahuddeen direba, wanda ya kwaso mutum arba'in daga Bangui a kamiyo, babbar motar kaya, lokacin yaƙi, shekara goma ke nan. Ahmadu, ƙanen Halilu, ya tsaya ɗauko jaka, 'yan adda suka ɓullo, direba ya ja mota. Ahmadu ya bi da gudu, bai cim musu ba. Matarsa Khadijatu na cikin motar da ɗansu Affan, wani shaƙiyyi da duk kartiye, unguwar nan tamu, ta gaji da shi.

Laraba, 7
Direba zai shiga asibiti tiyatar ciki. Ya aiko yana neman a yafe masa kafin Litinin ta 19.

Juma'a, 9
Halilu ya ce minti ɗaya ne, da ya taka birki. Khadijatu ta ce minti ɗayan nan shi ne ran ɗanta, ita ta daɗe da yafewa. Ya ce ai shi ya sa ba ya cin tuwonta da daɗi. Amma ya cinye. Na ɗage zama. Na kuma zare masa zaren keken ɗinki, ya yi ta taka iska yana zagin 'yan China.

Talata, 13
An je wajen Malam. Ya ce direba bai kashe kowa ba, babu diyya. Ya ce Halilu na da baƙin ciki, amma haƙƙi na ɗan mamaci ne, a tambaye shi. Kowa ya juya yana kallon Affan. Wawan ya ce fitsari yake ji, ya fita.

Alhamis, 15
Ban rubuta komai jiya ba. Zafi.

Asabar, 17
Affan ya je Sodiko inda direba yake, wai don ya gan shi yana kuka. Direba bai yi kuka ba. Ya rame, wandonsa da igiya. Ya ce, "Ɗana, ba zan maka ƙarya ba. Da za a maimaita, ba zan tsaya ba. Amma na ga babanka a madubi har kwanar masallaci. Ba faɗuwa ya yi ba, tsayawa ya yi da kansa, ya ɗaga min hannu in tafi." Wannan bai taɓa faɗa wa kowa ba, wai kada a ce yana wanke kansa.
Ko gaskiya ne, oho. Babu shaida sai shi.

Lahadi, 18
Direba ya zo sallar la'asar a masallacinmu. Shekara goma ban taɓa tsokanarsa ba, ko gaisuwa sai da kai. Yau na ɓoye masa takalmi ƙafa ɗaya a bayan randar alwala. Ya daɗe yana nema, sai ya dube ni ya yi dariya har cikin ya murɗa masa. Na miƙa masa. Ban ce na yafe ba, bai tambaya ba. Gobe ƙarfe bakwai zan raka shi asibiti, don dai babu mai riƙe masa jaka.
Baffa Halilu bai sani ba tukuna.
Babu wani alƙali. Ni ne Affan ɗan Ahmadu, izu goma sha biyu, na zauna a bayan motar nan, kuma ni ban waiwaya ba.