Tamojin Goshin Inna

Yaya Rabe,

Gaisuwa daga Tandabawi. Ina Asiya da yara? Ni lafiya lau, wankan gawar mata yana ciyar da ni, ko da ba kullum ba.

Allah ya yi wa Inna rasuwa ran Laraba, ni na wanke ta. Ciwon ajalinta ya kumbura mata fuska, tamojin tsufa duk ya baje. Abokiyar aikina ta ce, "Kin gani, ta koma yarinya." Ni kuwa baƙuwa na gani. Na sa yatsa biyu na tattaro fatar goshinta, har tamojin nan da take harararmu da shi ya fito. Sai a lokacin kuka ya zo mini.

A yi mata sadaka.

Ƙanwarka,
Rumasa'u