Takalma a Bakin Ƙofa

Toledo, 3 ga Maris

Ƙanena Wendell,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya sanyin gidan yarin? Tarin nan fa, sun ba ka magani? Mama tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Saura wata biyu jarrabawar shiga makarantar lauyoyi. Na san abin da za ka ce: "Yaya, kafin ki zama lauya ai na yi furfura." To, ka yi. Shekara goma sha biyu ina ɗauko wa jarida rahoton kotu, na gaji da zaman 'yan kallo.

Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: a ba ka magana biyu, a ce me ya zama dole daga cikinsu. Jiya malaminmu, Mista Pruitt, ya rubuta a allo: duk ranar da aka yi ruwa titi yana jiƙewa, yau titi a jiƙe yake. Na yi caraf na ce an yi ruwa. Ya ce, "'Yar jarida, ku a unguwarku bututu ba ya fashewa?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Lauyarka ta aiko da takarda. Ɗaukaka ƙarar ta dogara ne a kan in sake rantsewa kana gida da yammacin Asabar ɗin da aka harbe mai gidan man nan, laifin da aka ɗaure ka a kansa. Tana son sa hannuna kafin Juma'a.

Taka,
Corinne

Toledo, 9 ga Maris

Wendell,

Ina fata kana lafiya. Mu lafiya lau.

Ka san dokar Mama: ba a taka mata darduma da takalmin aiki. Tun kana saurayi, in kana ciki, takalmanka suna bakin ƙofa. Ranar Asabar ɗin na zo da ƙarfe huɗu, na tsallake su, na ga ɗakinka a rufe. Ban ƙwanƙwasa ba. Ban ji muryarka ba. Amma na tsaya gaban alƙali na ce kana gida, kuma har zuciyata haka na yi imani, shekara shida.

Titi ne a jiƙe, ni kuma na rantse an yi ruwa.

Na rubuta wa lauyar abin da idona ya gani: takalma biyu da rufaffiyar ƙofa. Ta kira ni ta ce, "Corinne, wannan ba zai fid da ko kyanwa ba." Mama ta ce boko ya cinye min zuciya, ta daina cin abinci tare da ni.

Ban ce ka yi ba. Wannan ma bai zama dole ba, kuma da shi nake riƙe. In akwai wanda ya gan ka da ido ranar, ba ni sunansa, ko a ina yake zan je.

Ɗazu da zan fita, na sake tsallake takalmanka. Mama ta hana a ɗauke, kullum sai ta goge musu ƙura. Suna nan a bakin ƙofa, Wendell. Kai kuwa ba ka gida.

Yayarka har abada,
Corinne